Awakin da ban yanka ba

Akwai wani sati a rayuwata da ba na jin zai taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran.

Ina shekarar ƙarshe a karatun likitan dabbobi, na dawo gida Gure yin istaj, wato koyon aiki, a ofishin elewaj mai kula da kiwo. Binciken da na zaɓa a kan bagaruwa ne. Tun ina ƙarama nake ganin goggona, ƙanwar babana da ke kiwo a wajen Bune, tana jiƙa 'ya'yan bagaruwa tana ɗura wa awakin da tsutsar ciki ta rame da su. Na so in gane ko da gaske tana aiki. Tsarin da na rubuta shi ne in samu 'yan awaki takwas, in sa musu tsutsar da gangan, in ba rabi magani, sannan a yanka duka a ƙirga tsutsar da ta rage.

Da na je neman awakin wurin Goggo, ta saurare ni har na gama, ta ce, "'Yar nan, sai kin sa wa mai lafiya ciwo kafin ki yarda da maganina? Ba da nawa ba."

Na koma raina a ɓace. Babu awaki, babu digiri. Na kira malamin da ke duba aikina, ina zaton zai taya ni fushi. Sai ya ce, "Kin duba abin da masana suka rubuta, ko akwai wata hanya? Je ki duba tukuna."

A lokacin na ɗauka korata ya yi.

Kwana uku ina gaban ordinatar, wato kwamfutar ofis. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya dawo, rezon intanet kuma sai ka yi sallah ka idar shafi bai buɗe ba. Da Faransanci na fara, ban samu abin kirki ba. Na koma Turancin Ingila da ƙamus a cinya, ina sauya kalmomi. Ranar ta uku, bayan azahar, na faɗa kan wata maƙala, ita ta kai ni ga wata, waccan ma ta kai ni gaba. Ashe mutane a ƙasashen da ban taɓa takawa ba sun daɗe da yin irin tambayar da Goggo ta yi. Ƙwan tsutsar yana fitowa a kashin akuyar da ta riga ta kamu. Sai a tace shi, a zuba a ƙananan kwanonin gilashi, wani da magani, wani da ruwa zalla, a jira kwana biyu. Abin da zan zubar da jini saboda shi yana nan zube a kowane garke.

Na samo kashin awaki, na haɗa gwajin da ruwan bagaruwa. Ranar da zan duba sakamako ta dace da kasuwa, Goggo ta shigo gari. Na zaunar da ita gaban mikuroskop, na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa. A kwanon ruwa, tsutsotsi sun ƙyanƙyashe suna ta murɗawa kamar zare mai rai. Ta ja baya da sauri. Na canza mata kwanon bagaruwa. Yawancin ƙwayayen suna kwance shiru, ba su fashe ba.

Ta daɗe ido a manne. Da ta ɗago sai ta ce a hankali, "Subhanallahi. Shekara da shekaru ina yaƙi da abin nan, yau na ga fuskarsa."

Ni kuwa hawaye ne suka zo mini.

Na sani wannan gwaji bai amsa komai da komai ba, cikin akuya ba kwanon gilashi ba ne. Amma na koyi cewa kafin mutum ya ce babu wata hanya sai a taɓa rai, wajibi ne ya zauna ya karanta. Sau da yawa wani ya riga ya sha wahalar nemo ta, ya rubuta ya ajiye, yana jiran mai haƙurin dubawa.