Mai Keken Lantarki a Ƙofar Jatau

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da Malam Abdulwahab, duniyarsa ta koma dakalin gidansa a Ƙofar Jatau. Daga nan yake ganin wani mai keke kullum da hantsi.

Dattijo ne siriri, gemu fari fat, ya cusa ƙafar wando cikin safa. Kekensa mai kaurin taya ne, da batir a jikinsa, duk ya sha jar laka. Malam yakan raya a ransa cewa daga gindin dutsen Kufena yake, inda damina ta shimfiɗa kore, iska na cika masa riga. Wataƙila tsohon malamin makaranta ne, wataƙila ma iyalinsa ba su san nisan da yake yi ba.

Yau ya tsaya shan ruwa a gindin tudun ganuwa. Da zai sauka daga keken, sai da ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafarsa ta hagu. Malam ya san wannan ɗagawar sarai.

"Alhaji, injin ne ke tura ka?"

"Taya ni yake yi, Malam. In ban taka ba, ba ya motsi." Ya danna wani maɓalli. "Bara a lamba huɗu nake hawa tudun nan. Yau lamba ɗaya zan gwada, mafi ƙarancin tayi."

Ya hau a hankali, keken na tangaɗi, har ya ɓace. Malam ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ƙwala wa matarsa kira: "Zakiyya, miƙo mini sandata."