Hannun Daman Osman

Mu takwas ne a ɗaki ɗaya a masaukin ma'aikata na Al Wukair, kusa da Doha, kuma gadona ne a ƙarƙashin na Osman. Ni Ɗalhatu, direba ne daga Zariya. Shi mai gadi ne a wani babban kanti a Al Gharrafa, mutumin Zangon Ashaiman a Gana, dogo, ba shi da haƙoran gaba guda biyu. A gwiwar hannunsa na dama akwai dogon tabon ɗinki. Ranar da na tambaye shi ko wuƙa ce, dariya ya yi.

"Ba wuƙa ba ne, chale. Besbol ne."

Chale, wato aboki a bakin 'yan Gana. Ban san wasan ba, shi ya koya mini. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo mai taurin dutse, wani yana tsaye da kulki yana neman ya make ta. Osman mai jifa ne, amma ba da shi ake fara wasa ba. A benci yake zama, sai wanda ya fara ya gaji ko abokan hamayya sun samu lagonsa, sannan a kira Osman ya tsayar da ɓarnar.

A faɗan unguwa aka gano shi. Wani ɗan Japan da ke koyar da wasan a Tema ya gan shi ya jefi mutum da rabin bulo daga tsallaken titi, ya same shi a ƙeya. Washegari ya neme shi har gida. Osman ya yi wasa a Tema, daga nan wata ƙungiya a Afirka ta Kudu ta ɗauke shi. Dabararsa ɗaya ce: jifan farko a kusa da haƙarƙari, har sai mai kulki ya yi tsalle baya. Da tsoro ya shige shi, sauran jifan ba ya iya taɓa su.

A can Afirka ta Kudu wani ɗan wasa ya kira shi biri a gaban jama'a. Da mutumin ya zo dukan ƙwallo, Osman ya jefe shi ya fasa masa muƙamuƙi. 'Yan wasan duka ɓangarorin suka kwararo cikin fili, aka danne shi a ƙasa, takalmi mai ƙusoshi ya cire masa haƙora. Aka kore shi. Ɗan Japan ɗin nan ya sama masa wuri a wata ƙaramar gasa a ƙasarsu, inda Osman ya ce ya fi jin daɗin rayuwarsa, har ranar da jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke yana cikin jifa. Aka yi masa aiki, ba a sabunta kwantiraginsa ba. Ya gwada kakar wasa ɗaya a Jamus, hannun ya ƙi. Sai ga shi a Doha da kakin gadi.

Da korona ta zo aka rufe masaukinmu, ba shiga ba fita. Motar abinci takan zo da rana, zafi kamar ya kashe mutum, layi kuma ba ya ƙarewa. Wata rana abincin ya kusa ƙarewa, aka fara ture-ture, sai faɗa ya kaure. Na ga ana fasa wa wani kai da bokiti. Ina juyowa sai ga wani ƙato ya ɗaga rodi a kaina. Ban ko samu damar karewa ba, na dai ji ƙas, rodin ya faɗi, mutumin ya durƙusa yana ihu, wuyan hannunsa ya lanƙwashe. Gwangwanin wake ne Osman ya jefo daga bakin ƙofar ɗakinmu.

Na je in yi masa godiya, na tarar da shi yana jujjuya kafaɗa yana murmushi. Ko kallon wanda ya karya bai yi ba.

"Ɗalhatu, hannun ya dawo," ya ce.

Bayan an buɗe gari ya gano wata gasar ma'aikata da ake yi ranar Juma'a da la'asar, a wani filin rairayi a bayan Al Rayyan. 'Yan Filifin ne da 'yan Benezuwela suka fi yawa. 'Yan Filifin suka karɓe shi hannu biyu. Ni nakan kai su a mota in zauna kallo. Sai an kusa tashi kyaftin ɗinsu zai daka tsawa, "Yalla, Osman!" Shi kuma ya miƙe a hankali, masu kulki su fara gyara hula.

An yi wasan ƙarshe da 'yan Benezuela gab da fara Gasar Kofin Duniya, domin daga nan babu sauran hutu ga kowa. A cikin 'yan Benezuwela akwai wani mai gyaran lantarki, mai faɗin ƙirji. Ya maki jifan Osman, ƙwallon ta tsallake katanga, ya wurgar da kulkin sama, ya zagaya filin yana rawa yana nuna Osman da yatsa. Da layi ya sake zuwa kansa, na ga fuskar Osman ta mutu murus. Na miƙe na ƙwala masa kira.

"Osman, khalas, ya isa! Wasa ne!"

Bai waiwayo ba. Ƙwallon ta sami mutumin a ƙasan hula, daidai kunne. Ya zube ko hannu bai kai ƙasa ba, ƙafafunsa na shure-shure, jini na fita ta kunnen yana shiga rairayi. Abokansa suka taso da kulake. Osman bai gudu ba. Ya naushi na farko ya fasa masa hanci, na biyu ya sauke masa kulki a gadon baya, ya faɗi. Biyu suka taka masa kafaɗa, ɗaya ya miƙar da hannun daman, suka yi ta dukansa a gwiwa har ƙashi ya huda fata. Na shiga rabo, na samu nawa a goshi. Jiniyar 'yan sanda ce ta watsa su.

Daga asibiti aka wuce da shi wurin tsare waɗanda za a mayar gida, kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya soke takardunsa. Yana da tikitin wasan Gana da Koriya a Al Rayyan, bai je ba. Ni na yi ta jigilar 'yan ƙasarsa a bas ranar, suna kaɗa ganga suna rawa. Da na samu sarari na ziyarce shi, hannun a naɗe har kafaɗa.

"Da gangan ka yi?" na tambaye shi.

"Kafaɗa na nufa." Ya dubi bango. "Ina jin kafaɗa na nufa."

An mayar da shi Gana kafin a gama gasar. Matarsa Zuwera tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, shi yake zuba wa mutane miya da hagu, domin daman ba ya miƙewa. Mai gyaran lantarkin bai mutu ba, amma kunnen ya kurumce. Yana nan a Doha. Nakan gan shi a wurin jiran bas a Al Wukair, yana karkata kai idan ana yi masa magana. Ya san ni abokin Osman ne, ba ma gaisawa.