Inda Hawayen Gakwandi Suke Zuwa

Verediyana Mukagatare mace ce mai bin diddigi, ko kaza ta gani tana ɗingishi sai ta ji dalili. A tudunsu na bayan Nyanza ita ce mace ta farko da ta tsuguna ta tatsi saniya, abin da kakanni suka ce mace ba ta yi. To, wa zai tatsa? Kisan kiyashi ya kwashe mijinta Rutikanga da 'ya'yansu, daga dangin mijin kaf babu wanda ya tsira sai ƙanensa Gakwandi. Ta hau rufin ɗaki ta toshe yoyo, ta sare ayaba, ta tatsi nono, sama kuwa ba ta faɗo ba.

Kuka kam ta sha shi har ta gode Allah. Duk Alhamis matan da suka rasa mazajensu sukan taru a harabar coci suna saƙar kwando. Wannan ta faɗi nata, waccan ta fashe da kuka, a rarrashe ta, can kuma ka ji an koma yi wa wata tsiya don kwandonta ya karkace. Da haka da haka barci ya dawo wa Verediyana.

Gakwandi ne ya hana ta sakat. Mutumin nan ko a wajen sake binne ƙasusuwan 'yan'uwansa idonsa ƙamas. Amma da zarar ruwan Afrilu ya sauko, an shiga makon makokin waɗanda aka kashe, sai ciwon ciki ya kayar da shi. Wake ba ya shiga, dankali ba ya shiga, asibiti sun duba sun ce ba su ga komai ba. Kowace shekara ramar tana fin ta bara, Verediyana kuwa tsoro take ji ƙwarai, kada wani Afrilun ya tafi da mutum ɗaya tak da ya rage mata wanda ya san muryar mijinta.

"Ƙanen miji, ka zo Alhamis mana," in ji ta.

"In zauna cikin mata ina saƙa? Haba matar yaya! Hawayen namiji ai ciki suke gangarawa."

"To cikin naka randa ne? Ko randar ma in ta cika ai tumbatsa take yi."

Ya yi dariyar yaƙe ya dafe ciki. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske, ta yi ta juya ta. In hawaye ciki suke shiga, ta wace ƙofa suke fita? Ta sa masa ido kamar kaza da ƙwai, sai ta lura da abin da ya daɗe da ɓacewa daga bakinsa. Kowa a tudun, in mamaki ko haushi ya kama shi, da sunan wanda ya taɓa ba shi kyautar saniya yake rantsuwa. A da Gakwandi ko tuntuɓe ya yi sai ka ji, "Na rantse da Rutikanga da ya ba ni saniya!" Maharan sun cinye saniyar, sun kashe mai ba da ita, tun daga nan sunan bai ƙara fitowa ba. In ya yi tuntuɓe sai dai ya cije leɓe.

Cikin shanun mijinta guda ɗaya ce ta dawo gida da ƙafarta bayan tashin hankalin, a rame kamar tsinke, kuma zuriyarta Verediyana ke kiwo. Ta zaɓi wata karsana mai ciki, fitinanniya, wadda ko ita sai da dabara take kusantarta, ta ja ta har ƙofar Gakwandi.

Ya tsaya sororo. "Mace ta ba ni saniya? So kike in riƙa rantsuwa da sunan mace, 'yan tudu su samu abin dariya?"

"Wa ya ce ni na ba ka? Jikar saniyar yayanka ce. Shi ya ba ka, nawa ja ne kawai."

Ya karɓi igiyar, don kyautar saniya ba a mayar da ita.

Karsanar ta haihu ana cikin ruwan Afrilu. Da safe Verediyana ta ɗauki gishirin shanu ta nufi gidansa, wai kai masa za ta yi, alhali kowa ya san abin da ya kai ta. Ta iske ya hura wutar korar ƙudaje a bakin garke, ya tsuguna da ƙyar yana tatsar saniyar, wandonsa ɗaure da igiya saboda rama. Nono ya kusa cika akushi, ja'irar ta ɗaga ƙafa ta yi fatali da shi.

"Kai! Na rantse da Rutikanga da ya ba ni—"

Sai ya tsaya, baki buɗe. Ya sake faɗar sunan a hankali. Daga nan ya kifa goshi a jikin saniyar, kafaɗunsa suka shiga rawa, wani irin sauti ya riƙa fitowa daga can cikinsa. Tausayi ya kama Verediyana, amma ba ta matsa ba. Rarrashin Alhamis ba na nan ba ne, wannan kam ta gane.

Da ya ɗago ya gan ta, fuskarsa sharkaf, sai ya yi maza ya goge da hannun riga.

"Hayaƙin nan ne, matar yaya."

"Na sani," in ji ta. "Ƙudajen bana sai da hayaƙi mai yawa."

Ta sunkuya ta ɗebo ɗanyar ciyawa cikin hannu biyu, ta ƙara wa wutar.