Inna Marka da faifan shinkafarta

Kafin mu 'yan kabu-kabu mu gama shan shayi, Inna Marka ta riga ta wuce, tsumma a kafaɗa, tana ɗingishi. Gida-gida take bi bayan babbar kasuwar Malanville, duk inda anka haihu. Ta wanke jariri, ta shafe shi da man kaɗe, ta koya ma sabuwar uwa goyo. Ko za ka kai ta kyauta ba ta hawa moto, wai tuƙinmu na marasa iyaye ne.

Na san darajarta sa'ad da matata Nafisatu ta haifi Abdulaye. Yaron nan bai barci, sai kuka har muryarshi ta dushe. Nafisatu ta rame, ido ya faɗa, ran nan tana ba shi nono gyangyaɗi ya kwashe ta, saura kaɗan ya suɓuce ƙasa. Munka hana kowa tari a gidan. Ni da ake jin ƙarar motona tun daga gada, sai ga ni ina kashe shi a bakin titi ina turawa kamar ɓarawo. Duk a banza. Abokina Sa'adu ya kawo man wata ƙwayar sa barci daga mai tebur, wai a jiƙa rabi a cokali. Nafisatu ta karɓa tana hawaye, ta ajiye sai bayan la'asar.

Kafin la'asar Inna ta shigo. Ta ga ƙwayar, ta jefa cikin murhu.

«Kai Taufiq, uban gaggawa, ɗan naka za ka sumar?»

«Inna, mu ma mun kusa suma.»

«Ke, da cikinshi ina kike wuni?»

«Wurin masu sheƙar shinkafa, Inna.»

«To! Yaron da ya yi wata da watanni cikin wannan hayaniya kunka kawo ɗaki shiru kamar kabari? Tsoro yake ji.»

Ta zuba shinkafa a faifai, ta zauna gefenshi tana girgizawa, shaa, shaa. Kukan ya koma shessheƙa. Ta kwantar da shi rigingine, ta janye tulin zannuwan da munka lafta mishi. Abdulaye ya yi barci baki buɗe, uwar ma ta bi shi.

Ke ce uwar masu jego, Inna. Ke kinka san inda kowace mai ciki a unguwar nan take wuni, don kina tambaya.

Abin da ke tada man hankali, gwiwarta ta gaza. Bayan Sallah ɗanta zai mai da ita ƙauyen Toumboutou, kuma ba wadda ta tsaya ta koya. Allah shi saka miki, Inna, shi ba ki lafiya. 'Yan matan unguwa, ku bi ta tun tana nan. Ni dai na fara binta, ina ture da moto. Ta ce hannuna ya yi nauyi ga wankan jariri, in tsaya ga ɗebo ruwa.