Tarun Ila Na Jiratawa

Ban taɓa mantawa da ranar da Ila ya shigo magazenmu ba, wata Litinin bayan kaka, Gulbi ya fara janyewa. Ku yaran da kuka gaje ni a kantin kayan su, ku saurara, mai digirin digirgir ne zai yi magana. Lakwal ɗina, wato boko, ya tsaya daidai inda na iya rubuta sunana, sai dai na tsufa ina auna zare da ƙirga ƙugiya wa Alhaji mai kantin, kullum daga Tsibiri zuwa Maraɗi bisa keke.

Lokacin Alhaji ya koma harkar hatsi, ya bar wa ɗansa Sanusi kanti. Shi ne patoro, maigida ke nan, ni mai tsaron teburi, wato mai ɗauko kaya da shan faɗa.

Ila manomin lambu ne a Jiratawa. Tsutsa ta cinye masa tumatir, ya sayar da injinsa na ban ruwa, ya ce sana'ar su zai koma a tafkin Madarumfa kafin gero ya ƙare a rumbu. Da ya ga tsagen Gobir a fuskata ya washe baki. Shi Bakatsine ne, kun san abin da ke tsakaninmu da su: wasa tun na kakanni, kowa ya zagi kowa, ba a fushi.

"Kai, bawana ne aka aje a nan? Tashi ka ɗauko wa ubangijinka taru!"

Na ce, "Bakatsine da ruwa? Ko a randa kuka faɗa sai an kira mutane."

Muka yi dariya. Sannan na gyara murya na jera masa abin da mai koyo ke buƙata: sandar fatsa, zare mai ƙwari, ƙugiya ƙanana da matsakaita, 'yar darma. Tanar sa wa ƙugiya kuwa kyauta take a bakin lambunsa. Na ce in hannunsa ya faɗa, ya dawo ya ɗauki mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa. Sauran abin da ke aljihunsa ya sayi gero.

"Fatsa?" in ji shi. "Ni da mata da ɗiya in zamna bakin ruwa da sanda kamar yaron da ya gudo daga makaranta? Wallahi Bagobiri bai son ci gabana."

Idonsa ya riga ya sauka kan wani farin taru da ya daɗe rataye. Ga wanda bai sani ba, idon taru da yatsa ake auna shi. Wanda yatsa uku ba su shiga ba, yana kwashe har 'ya'yan kifi, don haka sarkin ruwa da ma'aikatan daji sun hana shi. Wannan yatsa ɗaya ma da ƙyar. Shi ya sa ba masuncin da ya taɓa tayawa.

Na ce, "Ila, na aje wasa. Wanga taru ƙwace shi za a yi."

"Ji shi! Ƙaramin ido ai shi ya fi kamu. Baƙin ciki dai, bawa."

Na rantse masa, ya ƙara ƙyalƙyalewa. Wa ya taɓa ɗaukar rantsuwar abokin wasa?

Nan Sanusi ya taso daga kujera. "Baba Nomau, mutum ya zo da zaɓinsa. Kanti muka buɗe ko lakwal?" Ya juya ga Ila. "Malam, kayan manya ne wannan. Baba, naɗe mishi."

Na naɗe. Mai cin tuwon wani, miyarsa ma sai yadda aka ba shi.

Ba a yi nisa ba Ila ya dawo, ba taru, ba dariya. Ranar farko da ya je tafki, tun bai jiƙa shi ba sarkin ruwa ya zura yatsa, ya kira ma'aikata, aka ƙone shi gaban masunta. Ya roƙi Sanusi ko fatsar nan a ba shi. Sanusi ya ce kayan Alhaji ne, ba a kyauta da su. Ila ya dube ni, ya ce, "Baba, ashe da gaske kake."

Baba ya kira ni, ba bawa ba. Na fi son zagin.

Na bi shi waje da 'yan ƙugiyoyi nawa na kaina, ya ƙi karɓa. Daga baya lambun ma ya sayar. Yanzu yana ƙwadago a lambun da dā nasa ne, yana jan ruwa da injin wani.

Abin da sana'ar nan ta koya mini ke nan. Mai koyo ba ya shigowa neman abin da zai kama kifi, abin da zai hana a yi masa dariya yake nema, kuma mai kanti ya san haka sarai. In Bakatsine ya shigo muku, ku da kuke Gobirawa, ku fara gaya masa gaskiya fuska a ɗaure. Wasan ya jira sai ya ci kifi.