Tarin Motar Albasa

Motar da mahaifinmu ya bari a-kori-kura ce, fara a takarda, amma a ido launin ɓawon albasa, don abin da ta yi shekara da shekaru tana ɗauka ke nan. Manyan motoci su sauke buhuna daga Arewa a bakin rumbunmu na unguwar New Bell a Duwala, ita kuma ta rarraba wa masu sari a Nkololoun da Ndogbong da duk inda aka kira. Da Baba ya rasu, yayana ya gaji rumbun da motar da kujerar ƙofar gida. Ni aka bar ni da bokona, ina zuwa ofis a Bonapriso da riga mai guga, ina buga takardun da ba mai karantawa.

Direban motar tun muna yara mutum ɗaya ne. Kawu muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Mutumin Garwa ne, siriri, marar yawan magana, Hausarsa da gishirin Fillanci. Baba ya yarda da shi har yakan ba shi makullin rumbu in zai yi tafiya.

Wata damina motar ta fara tari. Ana cikin tafiya sai injin ya shaƙe, ta fizga sau biyu ko uku kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa, sannan ta ware ta ci gaba kamar ba ita ba. Yau ta yi sau goma, gobe ko sau ɗaya. Abin haushin, da an shigar da ita gareji sai ta natsu, injin yana juyawa sumul, bakanike ya kasa kunne, ya ɗaga kafaɗa, ya dubi Kawu kamar shi ya ƙirƙiro zancen.

Bakanike na farko ɗan unguwarmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Ko tayar da motar bai yi ba ya ce buji ne, wato fulogi. Ya canja duka huɗun, aka yi masa godiya, motar ta yi tari kafin ta kai bakin titi. Na biyu ya ce na farkon jahili ne, kafireta ce. Ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya busa da baki, ya mayar, sai ga noti biyu sun rage a hannunsa. Ya jefa su aljihu ya ce dama masu ƙera motar ne suka cika ƙari. Na uku kuwa ya rubuta a bangon garejinsa da manyan baƙaƙe cewa shi ƙwararre ne, kuma ƙwarewar tasa a bangon ta tsaya. Cikinsu ba wanda ya yarda ya shiga motar a zaga da shi da kaya a baya. Kowanne Kawu yakan gaya masa magana ɗaya:

"Ba ta yi a kwalta mai laushi. Sai an faɗa rami, ko an sha kwana da kaya."

Su kuma su ce, "To Baba, mun ji," da irin muryar da ake sallamar mai talla.

Kada na tsame kaina. Na buga shafuka da Faransanci a ofis game da cututtukan inji, na aro wata na'ura wurin abokin aikina wadda aka ce in an jona ta a mota sai ta faɗi ciwon da kanta. Na durƙusa a ƙarƙashin sitiyari da rigata mai guga, 'yan dako sun kewaye ni, ina laluben inda ake jonawa. Babu. Motar ta girmi wannan fasaha nesa ba kusa ba. Na miƙe na karkaɗe gwiwa na ce matsalar tana da sarƙaƙiya, na faɗe ta da Faransanci don ta yi nauyi.

Yaya kuma ya bi tasa hanyar. A cikin injin akwai wata laya da Baba ya ɗaure da hannunsa ranar da ya sayi motar, an ɗinke ta da jar fata, tana rataye a jikin damin wayoyi kusa da bobin, abin nan da ke aika wuta zuwa fulogi. Kowa a unguwa ya san da ita. Duk bakaniken da ya buɗe motar sai ya yi bisimilla ya kewaye ta da hannu, yadda ake kewaye dattijon da ke barci a zaure. Da tarin ya soma, Yaya ya samo wasu biyu, kowace ta fi ta Baba girma, ya ɗaure su a wuri ɗaya don su taru su yi ƙarfi. Tarin ya ƙaru. Yaya ya ce wannan ya nuna abin da ke jikin motar yana jin zafi.

Ƙwararren bango ne ya jawo masifar. Da iliminsa ya ƙare, sai ya faɗi abin da kowane bakanike yake faɗa in ya rasa ta cewa: man ne marar kyau. Yaya ya ɗauki maganar ya tafi da ita gida ya kwana yana juya ta. Shi dai a gidan mai yake sa a cika tanki. In har akwai gurɓataccen mai a ciki, to wani ne yake zuƙe mai kyau ya sayar, ya cike gurbin da zuwa-zuwa, man kwalba na bakin titi da ake sirkawa da kananzir. Wa yake yini da motar?

Da a ɗaki ya kira Kawu da na ce kuskure ne irin na ɗan Adam. A majalisar ƙofar gida ya yi ta, bayan La'asar, tabarma cike da mutane, ana zuba shayi. Kawu ya zo gaisuwa kamar kullum.

"Shofa," in ji Yaya, wato direba. Tunda nake ban taɓa jin ya kira shi da wannan suna ba. "Na gano ciwon motata. Ka daina abin da kake yi da tanki, ita ma za ta daina abin da take yi. Na ba ka zuwa Juma'a. In ta sake tari, ka ajiye makulli."

Kawu ya tsaya da hannu a miƙe, ba wanda ya karɓi gaisuwar.

"Alhaji, ni?"

"Akwai wani shofan a gidan nan?"

Mutanen da Kawu ya ɗauko wa kayan aure da ragunan Layya kyauta suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Kafin Magariba, matan da ke suyar makala, fanken garin nan, a kwanar layinmu sun san direban gidan Alhaji ɓarawon mai ne.

Ranar Asabar da safe Kawu ya zo ya same ni. Idonsa ya faɗa. Ya ce an ba shi labarin wani tsohon bakanike a Nkololoun, yana so na raka shi, don Faransancinsa ba ya kai shi nesa, kuma yana so wani daga gidan ya gani da idonsa. Na bi shi, rabi don tausayi, rabi don ba ni da abin yi.

Garejin kwano uku ne a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Mai garejin Kirista ne daga wajen Bafusam, gajere, tabaransa ɗaure da zare. Bai taɓa motar ba sai da ya zaunar da Kawu a kan wata tsohuwar taya ya yi masa tambayoyi, ina fassarawa. Da safe take yi ko da rana? In an tsaya cak tana yi? A gangara ko a hawa? Da Kawu ya kawo zancen rami da kwana, tsohon ya ɗaga yatsa ya sa na maimaita. Sannan ya shiga gaba ya ce a bi da shi layin bayan kasuwa, inda ramuka suka fi kwalta yawa. A rami na uku ta yi tari. Ya ce a koma.

Ya buɗe motar, ya bar injin yana aiki, ya ɗauko guntun gora. Ya riƙa taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan girgiza kowace, kunnensa a karkace. Injin bai ce komai ba. Da ya iso wurin layun bai yi bisimilla ba, bai kewaye ba, don bai san abin da suke ba. Ya sa goran ya ɗaga su ya saki.

Motar ta yi tari.

Ya sake ɗagawa ya saki. Ta sake. Sau uku yana sa ta tari yadda ya ga dama, ni da Kawu muna tsaye baki buɗe.

"Alaji," ya ce da ni, don kowane mai hula Alaji ne a wurinsa, "waɗannan jakunkunan na mene ne?"

Bai jira amsata ba. Ya kashe injin, ya zame robar wata siririyar waya da ke shiga bobin, ya nuna mana. Ta karye daga ciki, sili biyu ko uku ne suka rage suna riƙe da ita. Layu uku sun sha baƙin mai da laimar Duwala sun kumbura, nauyinsu ya kai na babbar albasa. In mota tana tsaye, suna rataye shiru, wuta tana wucewa. In ta faɗa rami suka yi lilo, sai su ja wayar, wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido. Makanikanmu uku masu ladabi kowanne ya kai hannunsa dab da ciwon ya janye.

Kawu ne ya kwance layun da kansa, da bisimilla, ya goge su da gefen rigarsa ya ajiye a aljihun gaban mota. Tsohon ya yanke wurin da ya karye, ya haɗa, ya naɗe. Aikin bai kai tsawon shan shayi zagaye ɗaya ba. A hanyar komawa Kawu bai bar rami ko ɗaya ba, da gangan yake faɗawa, motar tana wucewa ko gezau. Yana dariya yana dukan sitiyari. Ni ma na yi murna har zuciyata, na ce masa da bakina zan gaya wa kowa.

Na sami Yaya shi kaɗai a rumbu na zayyana masa komai. Ya saurara yana murza carbi.

"Wa ya ji?"

"Ni da Kawu da tsohon."

"To ta tsaya nan. So kake a ce layar Baba ce ta lalata mota? Kuma wani mai zuwa coci ne ya gano da guntun gora?"

"Yaya, ta Baba ta yi shekaru ita kaɗai. Biyun da aka ƙara ne..."

"Na ce ta tsaya nan. Shofa zai ci gaba da aikinsa, me kuma yake nema?"

Na san sarai ba sunan Baba yake karewa ba. Baba yana kabarinsa, dariyar majalisa ba ta isa can. Abin da Yaya ba zai iya haɗiyewa ba shi ne a ce da hannunsa ya ɗaure ciwon, sannan ya tsaya gaban jama'a ya laƙaba wa dattijo sata. Na fito ina cika ina batsewa, ina shirya jawabin da zan yi ranar Juma'a. Na shirya shi da Hausa, na shirya shi da Faransanci.

Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci majalisa ta cika fiye da kullum, don kowa yana so ya ga ƙarshen wa'adi. Sai ga motar ta shigo layi, ta faɗa ramin da ke gaban shagon tela, ta fito lafiya lau ta tsaya a ƙofar rumbu. Wani maƙwabcinmu mai sayar da atamfa ya ce, "Alhaji, ashe mota ta warke."

"Ta warke," in ji Yaya, yana gyara zaman hularsa. "Wani ciwon ba a gareji ake maganinsa ba. Magana ɗaya ce in ka faɗa wa mutum a kan idon jama'a."

Aka kwashe da dariya. Kawunan mutane suka juya wajen Kawu, wanda ya sauko yana riƙe da ƙofar mota. Sai a lokacin na gane inda aka ajiye shi: da ta ci gaba da tari, korarre ne, da ta daina kuma, ɓarawon da ya ji tsoro ne. Bai dubi Yaya ba. Ni ya duba.

Kofin shayi yana hannuna. Yayana yana zaune a kujerar Baba, dattawan layi suna kewaye, kuma tunda aka haife ni ban taɓa ƙaryata na gaba da ni a gaban mutane ba. Na ce wa kaina bari dariyar ta lafa. Ta lafa. Na ce bari mai atamfa ya gama magana. Ya gama. Na busa shayin da ya riga ya huce.

Kawu ya jira iyakar abin da mutum zai iya jira. Sannan ya hau bayan motar ya share ɓawon albasa tas, ya ɗaga gilasai, ya kulle ƙofofi. Ya tako har tabarma, ya wuce Yaya, ya sa makullin a tafin hannuna ya rufe yatsuna a kai.

"Ɗana, layun suna aljihun gaba," ya ce. "Kada ku mayar da su kan waya."

Ya yi sallama, mutum biyu ko uku suka amsa. Bai sake taka layinmu ba, kuma kafin watan ya ƙare na ji ya kwashe iyalinsa ya koma Garwa. Motar ba ta sake tari ba har muka sayar da ita, kuma duk ranar da ta wuce ƙofar masallaci sumul, sai wani ya zunguri na kusa da shi ya ce ka ga, tun da aka rabu da tsohon direban nan.