Malam Tajuddeen da Iyakar Kuskure

Kullum da safe Malam Tajuddeen yakan taso daga Tsafe a tsohuwar motarsa mai son turi, ya nufi Gusau, inda ya tsufa yana koya wa injiniyoyi yadda na'ura ke sarrafa kanta. Lissafin na'ura yawa gare shi, 'yar ƙwaƙwalwar da ake saka mata ba ta iya ɗauka, dole a rage. Ragewa kowa ya iya. Abin da Malam ba ya yafewa shi ne ka rage, ba ka faɗi iyakar kuskuren da ragin zai iya jawowa ba.

Ɗalibarsa Nafisa ta haɗa abin daidaita ɗumi na kwalbar da ake sa bakwaini, domin wani ƙaramin asibiti a Bungudu. Gwaji ya yi kyau, ana ta murna, Malam ya ƙi sa hannu.

"Mi kic cire?" ya tambaye ta.

"Zafin da jikin kwalbar ke riƙewa, Malam. Kaɗan ne."

"Kaɗan ne in ba a rufe ta ba. Kin taɓa ganin kakar da za ta ga jikanta tsirara ta ƙyale?"

Nafisa ta sake lissafi da zane a kan kwalbar, sai iyakar ta haura abin da jikin bakwaini zai jure. Ta sha kuka, don ranar miƙa aiki ta wuce ta, amma ta mayar da abin da ta cire.

Bayan 'yan watanni wata mata, Hafiza, ta haifi bakwaini a asibitin, aka sa jaririyar a kwalbar. Ma'aikaciyar jinya ta fita ta dawo, ta tarar kakar jaririyar ta lulluɓe kwalbar da zane har biyu, tana cewa, "Ɗiyar ga ɗari taka ji." Ma'aikaciyar ta yi maza ta yaye zanen. Ɗumin bai gota ba, yarinya tana ta barcinta.

Malam, kai ne mai tunawa da kakanni a cikin lissafi. Yau da kake ajiye alli, wallahi muna jin kewarka tun ba ka tafi ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu tasowa, in kun rage, ku faɗi iyakar abin da kuka rage, ko da za a ji haushinku.

Hafiza ba ta san sunanka ba, Malam, ba ta ma san an yi ka ba. Amma 'yarta ta fara tafiya.